Kumburin Ƙashi Wanda Ba Aikin Maɗori Ba Ne

Masu gida da iyayen yara, wannan magana taku ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, a zaure da cikin gida duka, domin sau da yawa uwa ce ke fara ganin abin da za a faɗa a nan tun kafin uba ya sani.

Kowa ya san karaya, kowa ya san targaɗe. Yaro ya faɗo daga bisa mangwaro, ko jaki ya ka da shi, ƙafa ta kumbura nan take, ba mai tambayar sanadi. Amma akwai wani kumburi dabam da ke fitowa a ƙashi ko cikin tsoka ba da wani sanadi sosai ba. Ba ya zuwa da gaggawa. Kaɗan kaɗan ya ke aikinsa, kamar gara a cikin azara, har ya yi wata biyu ko uku kafin mutanen gida su lura. Shi a ke kira ƙari. Yawancin ƙari ba ya kisa. Amma akwai mugunsa, watau ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara, 'yan boko kuwa su ce kansa.

Ni ma'aikacin ɗakin shan magani ne, ba Likita ba, ba kuwa a hannuna a ke warkar da wannan ciwo ba. Aikina in gane shi in tura shi gaba da wuri. Abin da na ke so ku ma ku iya gane shi, tun da ku ke tare da mai ciwon dare da rana.

Yadda ƙari ya ke

An gina jikin mutum da waɗansu 'yan ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin Likita. Kamar tubali su ke a jikin gini. Kullum waɗansu suna mutuwa, sababbi suna maye gurbinsu, daidai gwargwadon bukata. To, in ƙwayoyin wani wuri suka ƙi tsayawa, suka yi ta yaɗuwa ba ƙa'ida, sai su taru su zama dunƙule. Ƙari ke nan.

Wani ƙarin ya kan zauna inda ya fito, ba ya cin maƙwabtansa. Irin wannan ne ƙullutun kitse mai taushi da a kan gani a baya ko a kafaɗar manya, wanda in an taɓa ya kan motsa ƙarƙashin fata, ya shekara goma bai sake ba. Haka kuma wani ɗan tsiro mai tauri da kan fito kusa da gwiwar yara, wanda ya kan daina girma sa'ad da yaron ya daina girma. Waɗannan Likita ya kan duba, sau da yawa ya ce a bar su.

Mugun ƙari ba haka ya ke ba. Yana cin ƙashi da naman da ke kewaye da shi, sa'an nan yana zuba irinsa cikin jini, jini ya kai irin nan wani wuri ya tsira. Irin dajin ƙashi galibi a huhu ya ke sauka. Ku riƙe wannan sosai, don duk maganar da ke gaba a kansa ta ke: mai dajin ƙashi, ƙafa ce ke yi masa ciwo, amma huhu ne ke kashe shi. Saboda haka a ke gaggawa.

Ba a ɗaukar wannan ciwo wajen cin abinci tare, ko kwana ɗaki ɗaya, ko wanke wa mai shi tufafi. Ba jifa ba ne, ba sammu ba, ba kuwa wani abu yaron ya taka a mararraba ba. Kada a zargi kishiya, kada a zargi uwa.

Samari da 'yan mata

Dajin da ke farawa a cikin ƙashi kansa ba shi da yawa, mutum ya kan daɗe a ƙauye bai ga ko ɗaya ba. Amma in ya zo, waɗanda ya fi kamawa su ne masu tasowa, daga shekara 10 zuwa 20, daidai lokacin da ƙashi ke miƙewa da sauri. Likitoci suna kiran wanda ya fi yawa ostiyosakoma. Wajen rabinsa a gwiwa ya ke fitowa, ko a ƙarshen ƙashin cinya ko a farkon ƙashin ƙwauri. Bayan gwiwa sai kan damtse kusa da kafaɗa.

Ciwo ne ke fara zuwa kafin kumburi. Yaro ya ce gwiwarsa na ciwo, a ce sanyi ne, ko a ce girma ne, ko a ce ƙwallo ce ta yi masa yawa. A sayo masa ƙwayar kashe ciwo a kemis, ya lafa kwana biyu, ya komo. To, ga yadda za ku bambanta. Ciwon gajiya da na targaɗe in an huta su kan ragu, kowane mako suna sauƙi. Wannan kuwa kowane mako ƙaruwa ya ke yi, wuri ɗaya ya ke, yaro ya kan iya nuna shi da yatsa. Babbar alamarsa ita ce dare. Yaron da ke barci kamar an jefa dutse a rijiya, sai ga shi yana tashi tsakar dare yana riƙe da ƙafa. Da rana ya fara ɗingishi. Daga baya wurin ya tasa, da tauri, da ɗumi in an aza hannu, fata ta yi sheƙi, jijiyoyi su fito ɓaro-ɓaro a bisanta.

Kusan kowane gida in an tambaya sai su ce, ai ya buge ne wajen wasa. Gaskiya ne ya buge, wane yaro ne ba ya bugewa? Amma bugun bai kawo ƙarin ba, ya dai sa an lura da wurin da ciwo ya riga ya kama. Wani lokaci ma ƙashin ya kan karye a kan abin da bai isa karya ƙashi ba, kamar tsallake kwata ko saukowa daga keke. Ƙashin saurayi mai lafiya ba ya karyewa haka. In kun ga wannan ku sani wani abu ya cinye shi ta ciki, kamar yadda azara ke karyewa ba don nauyin rufi ba.

Akwai wani iri kuma mai sunan Likitan Amurka da ya bayyana shi a 1921, James Ewing. Shi ya fi son tsakiyar dogayen ƙasusuwa, da ƙashin ƙugu, da haƙarƙari, ya kan zo da zazzaɓi har a zaci ƙurji ne a cikin ƙashi. Lalle kuwa a ƙasarmu yawancin yaran da ke zuwa da ciwon ƙashi da zazzaɓi ba daji ke gare su ba. Wani ƙwayar cuta ce ta shiga ɓargo ta tara mugunya, wani amosanin jini ne, watau sikila, wani tarin fuka ne ya sauka a ƙashi. Duk suna kama da juna a ido, kowanne kuma da nasa magani. Ba wanda ya isa ya rarrabe su da taɓawa, ko ni, ko maɗori, ko Likita kansa, sai an ɗauki hoto. Saboda haka ƙa'idar ɗaya ce: ciwon ƙashi a wuri ɗaya da ya wuce mako biyu ko uku bai yi sauƙi ba, balle mai ta da mutum da dare, a kai shi hoto.

Maganar maɗori da wanzami

Ba na raina maɗori. Sana'ar gado ce, mutane kuma sun amince da ita tun kaka da kakanni, ga shi kusa, ga shi ba ya neman kuɗi a gaba. Amma ɗori na ƙashin da ya karye ne, a haɗa shi ya kama. Ƙashin da ƙari ke ci ba abin haɗawa a cikinsa. In aka ja shi, aka murza, aka ɗaure da kara, ciwo ne kawai a ke ƙara wa yaro, wani lokaci ma a wajen jan ne ƙashin ke karyewa. In ɗaurin ya yi tsanani jini ya tsaya, yatsu su yi sanyi su yi baƙi, ƙafa ta mutu ba ma don ƙarin ba.

Hasarar da ta fi wannan ita ce ta lokaci. A yi wata guda wurin maɗorin gari, a ce hannunsa bai dace ba, a tafi wurin na wani gari wanda ya fi suna, a yi wata biyu. Daga nan a ce abin ba na ɗori ba ne, na iska ne, a koma turare da rubutu. Kafin a zo gare mu damina ta wuce, kumburin da ya fara kamar lemo ya zama kamar ƙwarya, yaro ya rame, ya fara tari. Na sha ganin uba ya sayar da akuya huɗu ko biyar a wannan yawo, ya iso asibiti ba ko kuɗin hoto a aljihunsa.

Sa'an nan maganar aska. In kumburi ya yi sheƙi, sai mutane su ce ya nuna, a kira wanzami ya tsaga, ko a yi sakiya, ko lalas, ko a kafa ƙaho a ja mugun jini. Jama'a, ku ji wannan da kyau. Maruru in an tsaga mugunya ta fita ya warke. Ƙari in an tsaga ba abin da ke fita sai jini, tsagar kuwa ba ta rufewa. Ta nan naman ƙarin zai tsiro waje, ya zama gyambo mai zub da jini da wari, har mutanen gida su kasa zama ɗaki ɗaya da mai shi. Ban da haka, aska ta kan shafa irin ƙarin a naman da ke da lafiya. Likitan da zai iya yanke ƙarin ya bar ƙafa in fata na rufe, in ya tarar an riga an tsattsaga wurin, sau da yawa ba shi da sauran dabara sai yanke ƙafar.

Wannan gargaɗi bai tsaya ga wanzamai ba. Mai kemis da ya ce zai zuƙe da allura, da ɗan ƙaramin asibitin da zai ce a kawo kuɗi a cire yau yau ba hoto ba gwaji, duk ɗaya ne. Ni kaina ina da aska da allura da zare a ɗakin magani, ina tsaga maruru kusan kowace ranar kasuwa, amma ƙullutun da ban san asalinsa ba ba na sa masa ƙarfe. Likitan da zai yi babban aikin shi ya kamata ya fara huda wurin, don shi ya san ta inda zai bi daga baya.

Maɗorin kirki in ya ga kumburin da ba karaya a ƙarƙashinsa, ko ɗorin da ya yi mako uku ciwo na ƙaruwa, ya ce a tafi asibiti. Wannan ba ya rage masa daraja. Dagatai da masu unguwa su taimaka da faɗa musu.

Manya ma ba su tsira ba

Ƙarin tsoka ya fi kama manya, ya fi kuma fitowa a cinya. Abin da ke ruɗin mutane shi ne sau da yawa ba ya ciwo ko kaɗan. Mutum ya ce, ai ba ya damuna, ya ci gaba da nomansa. Rashin ciwo ba shaidar lafiya ba ce a nan. Ƙullutun da ya kai girman ƙwan kaza, watau wajen santimita 5 ko inci 2, a kai shi a duba. Haka wanda ke can cikin nama ba ya motsi da fata, da wanda ke ƙara girma wata bayan wata ko da ƙarami ne, da wanda aka taɓa cirewa ya komo.

Tsakanin shekara 20 da 40 akwai wani ƙari da ke cin ƙarshen ƙashi a gwiwa ko a wuyan hannu. Yawanci ba ya yaɗuwa, a kan kankare shi a cike ramin da wani irin siminti na Likita. Amma in an bar shi ya kan rushe gaɓar duka.

Wanda ya wuce shekara 40 kuwa, in daji ya bayyana a ƙashinsa galibi baƙo ne, daga wani wuri ya taso: daga nono ga mata, daga wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsara ga maza, ko daga huhu, ko ƙoda, ko maƙogwaro. Akwai kuma na ɓargo. Saboda haka kada ku yi mamaki in tsohuwa ta zo da ciwon ƙugu Likita ya ce zai duba nononta, ko ya tambayi dattijo yadda fitsarinsa ya ke. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In mai ciwon baya ya ji ƙafafunsa suna mutuwa, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya riƙa zuba bai sani ba, wannan ba na jiran ranar kasuwa ba ne, a nemi mota ran nan.

Abu biyu kuma a taƙaice. Tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya shekara da shekaru, in bakinsa ya fara tudu yana zub da jini, a kai shi. Yaro ƙarami kuma da muƙamuƙinsa ya kumbura cikin 'yan makonni har haƙora suna girgiɗa, kada a tsaya cire haƙori. Wani Likita mai suna Denis Burkitt ya bayyana wannan ciwo a Uganda a 1958. Yana da saurin girma ƙwarai, amma yana cikin masu saurin jin magani, ba a ma bukatar fiɗa.

Abin da za a yi a asibiti

Daga ɗakin shan magani za mu ba ku takarda zuwa babban asibiti, inda za a ɗauki hoton ƙashi. In hoton ya nuna abin tuhuma sai a tura ku wurin Likitocin ƙashi. Akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. Akwai kuma asibitocin koyarwa, kamar na Shika a Zariya, da na Malam Aminu Kano, da na Sakkwato, da Maiduguri, da Jos.

A can za a ƙara hoto. Akwai wata na'ura mai kama da rami da a ke kwantar da mutum a tura shi ciki, tana ƙara kamar injin niƙa amma ba ta taɓa jiki. Ita ke nuna iyakar ƙarin, da ko ya kama manyan jijiyoyi. Za a ɗauki hoton ƙirji kuma, kun san dalili. Sa'an nan a kashe wurin da allura a ɗebi ɗan nama kaɗan a kai ɗakin gwaji a duba da madubi. Wannan gwaji shi ke faɗin sunan ciwon, ba a fara magani sai da shi. Amsar ta kan ɗauki mako ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. A nan mutane da yawa ke gajiya su ce ba a yi musu kome, su tattara su koma gida. Ku daure. Jiran nan cikin aikin ya ke.

In ostiyosakoma ne, ba da wuƙa a ke farawa ba. A kan fara da magani mai ƙarfi ta hanyar ƙarin ruwa, zuwa bayan zuwa, har wajen mako 10. Sa'an nan a yi fiɗa a cire ƙarin, sa'an nan a koma ga maganin har waɗansu watanni. Duka duka ya kan ci fiye da rabin shekara. Maganin yana da wuya, ba zan ɓoye muku ba. Gashi ya kan zube, a yi amai, baki ya yi miki, jini ya ragu. Gashin zai komo bayan an gama. Abin tsoro shi ne zazzaɓi a tsakanin zuwa da zuwa, domin a lokacin jiki ba shi da ƙarfin faɗa da cuta. In ya zo, ko da tsakar dare ne, a koma asibiti, kada a tsaya jiƙo.

Iyaye su kan tambaya, tun da an cire ƙarin, na mene ne sauran wahala da kashe kuɗi? Ga amsa. Kafin shekarun 1970 ba wani magani sai yanke ƙafa. A kan yanke ta sarai, ba a bar ko ɗigon ƙari ba, duk da haka wajen 8 cikin 10 na yaran su kan mutu, yawanci cikin shekara biyu, domin irin ya riga ya isa huhu tun yana ƙanƙane, hoto ba ya ganinsa. Da aka samo magungunan nan masu bin jini suna kashe irin, sai lissafi ya juya. Yanzu a inda a ke yin maganin cikakke, cikin 10 da suka zo kafin ciwon ya bayyana a huhu, 6 ko 7 suna nan da ransu bayan shekara 5. Wanda ya tsaya a fiɗa kaɗai ya mai da ɗansa zamanin da.

Ba kowane iri ke bin wannan hanya ba. Dajin guringuntsi na manya fiɗa ce maganinsa. Irin na Ewing da na tsoka a kan haɗa musu da gashi da wani haske mai ƙarfi daga na'ura. Wannan dabam ya ke da gashin ƙashi da kuka sani na masu shanyewar jiki, ba kuwa wuta a ke sa wa mutum ba, ba a ma jin kome sa'ad da a ke yi. Akwai sashen wannan aiki a Zariya da Sakkwato da Abuja, Likita zai gaya muku inda za ku.

Tsoron yanke ƙafa

To, mun zo kan abin da ke hana mutane zuwa. Kowa ya san abin da a ke faɗi a ƙauye: kada ka kai shi asibitin ƙashi, yankewa za su yi. Dalilin wannan magana shi ne, waɗanda aka gani sun komo ba ƙafa yawancinsu sai da abin ya lalace suka tafi. Maƙwabta suka ga an yanke, suka ji tsoro, su ma suka ƙi tafiya sai nasu ya lalace, aka yanke. Haka abin ke ta zagayawa.

Likitan ƙashi ba ya son yanke ƙafa. In ƙarin bai kama manyan jijiyoyi ba, fata kuma ba ta fashe ba, a kan yanke guntun ƙashin da ya ɓaci tare da naman da ke lulluɓe da shi, a sa ƙarfe a madadinsa, ko a ɗauko siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri a dasa. A ƙasashen da a ke zuwa da wuri, 8 ko 9 cikin 10 da ƙafarsu su ke komawa gida. Ƙarfen yana da tsada, ba kuwa kowane asibiti ke sa shi ba. Amma wanda ya zo da wuri aƙalla akwai abin da za a zauna a yi shawara a kai. Wanda ya zo da gyambo ba sauran shawara.

In kuwa Likitoci sun duba sun ce ba makawa sai an yanke, ku saurara. Na san abin da a kan ce, gara ya koma ga Ubangijinsa da gaɓoɓinsa cikakku. Mai faɗin haka yawanci ba shi ke kwana da ciwon ba. Ku tambayi yaron, ku tambayi uwar da ke wanke gyambon. Wannan ciwo ba ya duban arziki. A 1973 aka yanke ƙafar ɗan Sanata Edward Kennedy na Amurka saboda dajin ƙashi, yana da shekara 12, gidansu kuwa ba abin da suka rasa na kuɗi ko Likitoci. Aka bi shi da magani mai wuya irin wanda na faɗa. Ya girma da ƙafar roba, ya zama lauya, ya yi aure ya haifu, har aka zaɓe shi majalisar jihar da ya ke zaune a 2014. A nan ma a Dala akwai masu ƙera ƙafar roba su auna wa mutum daidai jikinsa. Mai ƙafa ɗaya yana zuwa makaranta, yana ɗinki, yana tsaron kanti, yana kiwo.

Bayan an yanke, mutum ya kan ji kamar ƙafar tana nan, har ya ji yatsun da babu suna ƙaiƙayi ko zafi. Jijiyoyi ne ba su saba ba tukuna. Ba aljanu ba ne, ba kuwa taɓin hankali ba. A gaya wa Likita, akwai abin da a ke bayarwa.

Wata matsala da na ke gani ita ce ta masu yanke shawara. A turo yaro da uwarsa da wani ƙanen uba, Likita ya ce a sa hannu, su ce sai sun koma sun tambayi mai gida, mai gida ya ce sai an tambayi kaka, kaka ya ce a kawo yaron gida tukuna. Shi ke nan, ba a sake ganinsu. Wanda maganarsa ke zartarwa a gida shi ya kamata ya tafi da kansa, ya ji daga bakin Likita, ya yi duk tambayar da ke ransa. Maganar kuɗi ma a yi ta tun farko. A tambayi Likita kimanin abin da dukan maganin zai ci, ba na zuwan farko kaɗai ba, don dangi su san abin da za su haɗa. A manyan asibitoci akwai ofishin masu taimakon marasa ƙarfi, a nemi a gan su, ba abin kunya ba ne. Wanda ya shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiharsa ya tafi da katinsa.

Bayan an sallamo

Gama magani ba shi ne gama zuwa asibiti ba. A shekara biyu na farko a kan so ganin mutum wajen kowane wata uku, a duba wurin aikin a ɗauki hoton ƙirji, daga baya a riƙa tsawaitawa. In wani abu ya tsiro a huhu aka gan shi yana ƙarami, wani lokaci a kan iya cire shi.

Akwai kuma wanda za a ce ciwonsa ya wuce warkewa. Shi ma ba a gama da shi ba. Akwai maganin kashe zafi mai ƙarfi da Likita ke rubutawa, wanda ke sa mutum ya yi barci ya ci abinci ya yi hira da iyalinsa. A ba shi kan lokaci, kada a jira sai ya yi kuka. Wanke gyambo da ɗaure shi kuwa aikinmu ne a ɗakin shan magani, za mu kuma koya wa mai jinya yadda zai yi a gida. Kada a ware shi a ɗakin baya, kada a ware masa kwano.

Ga wata 'yar dabara ga mai ƙaramin ƙullutu mai taushi wanda aka duba aka ce a sa masa ido. A sami zare a kewaya gaɓar daidai kan ƙullutun, a ƙulla inda ya haɗu, a ajiye. Ran da wata ya kama a sake gwadawa da zaren nan. In bai kai ba, a zo da mutumin da zaren duka. Wannan ba ta shafi yaro mai ciwon dare ba, shi ba a jira da shi.

In za ku zo, ku tuna watan da abin ya fara, ko da da lissafin salla ko na shuka ne. Ku zo da kwalaye ko takardun duk maganin da aka sha, da tsohon hoto in an taɓa ɗauka. In an je wurin maɗori ko an yi tsaga, ku faɗa, ba mai yi muku faɗa, Likita yana bukatar ya san inda aska ta bi. Takardar da za mu ba ku kuwa ta tafiya ce cikin makon nan, kada a sa ta ƙarƙashin tabarma a ce sai an gama girbi.